Daga Murhu Mai Sanyi Zuwa Babban Layi: Yadda Ake Tafiyar da Tsohon Jirgin Ƙasa Mai Tururi

A ranar 11 ga Agusta 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta yi sallama da jirgi mai tururi, ta kuma hana shi hawa manyan layukanta. Sai ga shi bayan shekara hamsin da ɗoriya, babu Asabar ɗin bazara da za ta wuce ba a hura wuta a kawunan jirage da dama a ƙasar ba. Aikin 'yan sa-kai ne. Sun fara da ƙaramin layin Talyllyn a Wales a 1951, layin Bluebell a kudancin Ingila ya biyo baya a 1960, yau kuma irin waɗannan layukan tarihi sun haura ɗari. Kawunan jiragen da suke ja, da yawansu daga bola aka tsamo su. Wani dillalin tsofaffin ƙarafa a garin Barry, Dai Woodham, ya sayi guda 297 don ya yanka, sai ya shagala da yankan taragu saboda sun fi sauƙin aiki. Kafin ya waiwayo, masu sha'awa sun yi ta zuwa suna saye ɗaya bayan ɗaya, har 213 suka tsira.

Filin wasan biyu ne. Akwai layin tarihi, mallakar ƙungiya, inda gudu ba ya wuce mil 25 a awa. Akwai kuma babban layi na ƙasa, wanda aka sake buɗe wa tururi a 1971, inda tsohon kan jirgi zai shiga tsakanin jiragen lantarki yana gudun mil 75. Aikin hannu iri ɗaya ne a duka biyun, don haka da shi za mu fara. Dattijon da ya yi aikin reluwe a Zariya ko Kafanchan zamanin da ake ƙona kwal ɗin Inugu zai gane kusan kowane mataki a nan, domin tsarin Ingila ɗin ne aka kawo mana.

Tsumma kafin shebur

Duk wanda ya je layin tarihi ya ce tuƙi yake so, tsumma za a miƙa masa. Tsanin hawa uku ne: mai goge-goge, sannan fayaman mai kula da wuta da ruwa, sannan direba. Tsakanin kowane hawa akwai jarrabawar dokokin layi, da ta aiki a gaban sufeto, da gwajin likita na ido da kunne da bambance launi. Mai zuwa a ƙarshen mako kaɗai zai kwashe shekaru kafin a ba shi shebur, wasu shekarun kuma kafin ya zauna kujerar direba. Kada ka raina gogewar. Wanda yake shiga ƙarƙashin jirgi da tsumma shi ne mai fara ganin noti ya kwance ko sifirin ya tsage. Ka zo da tufafin auduga da takalmi mai ƙarfe a baki. Nailan narkewa yake a jikin mutum.

Abin da ke cikin tukunyar

Murhun akwati ne na jan ƙarfe ko na baƙin ƙarfe, ruwa ya kewaye shi ta gefe huɗu da ta sama, ɗaruruwan ƙusoshi kuma suna riƙe da bangonsa a jikin tukunya. Daga murhu, bututu sama da ɗari sun ratsa ta cikin ruwan zuwa akwatin hayaƙi da ke can gaba. Tururin da ya gama tura fistin yana fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, fitar tasa kuma ita ce take janyo iska ta ƙarƙashin wuta. Wato gwargwadon wahalar da jirgin ke sha, gwargwadon yadda yake zuga wutarsa da kansa. Wannan fitar ce kake ji daga nesa, cuku-cuku.

Kan jirgi irin Black Five, wanda ya fi kowane yawa a manyan layuka, yana aiki da matsin fam 225 a kowane murabba'in inci. A wannan matsi ruwan cikin ya kai kusan digiri 200 amma bai tafasa ya ƙare ba, saboda an danne shi. Ruwan nan ne yake sanyaya rufin murhu. Idan ya janye ya bar rufin a fili, cikin mintuna kaɗan ƙarfen zai yi laushi ya saki ƙusoshinsa, ruwan duka ya koma tururi a lokaci guda, kuma ƙofar da ya fi kusa da ita tana ɗakin direba. A rufin akwai wasu 'yan tosai masu dalma a ciki, waɗanda ke narkewa su feso tururi idan zafi ya wuce kima. Gargaɗi ne kawai, ba za su kashe wutar ba. Duk abin da zai biyo baya a wannan jagora, a ƙarƙashin doka ɗaya yake: kada rufin murhu ya bushe.

Jajibiri: wutar ɗumi

Jirgin da zai fita ranar Asabar, tun Juma'a da rana ake fara shi. Kafin ashana, ka tabbatar birkin hannu a ɗaure yake, regileta, wato hannun da ke sakar wa silinda tururi, a rufe, hannun gaba-da-baya a tsakiya, famfunan zubar da ruwan silinda a buɗe. An sha ganin kan jirgi ya tara tururi cikin dare ya kama hanya ba kowa a ciki, saboda an bar regileta da ɗan buɗi.

Sai ruwa. Ka duba gilashin ruwa, wanda ke nuna inda ruwan tukunya ya kai, ka murɗa famfon ƙasansa ka ga ruwan ya sauka ya dawo. Gilashin da yake fal da wanda yake fanko kama suke yi a duhun gareji, shi ya sa ake sa allo mai ratsin baƙi da fari a bayansa: ruwa yana karkatar da ratsin, iska ba ta karkatarwa.

Daga nan ka ɗauki tocila ka leƙa murhu, idan da hali ka shiga. Abin da kake nema shi ne farin tabo ko danshi a bakin bututu, a kan ƙusoshi, da kewayen tosan dalma. Ka duba bakan bulon da ke rataye a tsakiyar murhu ko ya tsage, da sandunan ragar ƙasa ko wani ya lanƙwashe. Ka zagaya gaba ka buɗe akwatin hayaƙi, ka ga an kwashe toka, ka rufe ƙofar ka ɗaure ta tamau. Ƙofar da ke shan iska tana kashe jan wuta, tana kuma sa garwashin ciki ya ruru har ya ƙona ƙarfen.

In komai lafiya, ka shimfiɗa ɗan kwal a bayan murhu kusa da ƙofa, ka ɗora itace, ka jiƙa tsumma da kananzir, ka kunna a kan shebur ka zura. Wuta 'yar ƙarama ake so, wadda za ta kwana tana ɗumama tukunya ba tare da allurar geji ta motsa sosai ba. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai da juna idan sun ji zafi. Duk macen da ta taɓa ɗora sabuwar tukunyar ƙasa a kan wuta mai ƙarfi ta san abin da ke biyo baya. A nan ba fashewa za ka gani ran nan ba, ƙusoshi ne za su riƙa tsinkewa ɗaya-ɗaya a ɓoye, bututu su fara yoyo, sai bayan shekara biyu ƙungiya ta biya kuɗin gaggawar da wani ya yi.

Asuba

Ka iso awa uku ko huɗu kafin lokacin fita. Ka sake duba ruwa, sannan ka baza garwashin jiya gaba kaɗan-kaɗan, kana ƙara kwal a gefen da ya kama. Wannan shi ne lokacin da ya fi ƙazanta, don babu abin da ke jan hayaƙi, sai ya riƙa dawowa ta ƙofa ya cika ɗaki. Akwai zugazugi, wani zoben bututu a akwatin hayaƙi mai fesa tururi sama don janyo iska, amma ba ya aiki sai matsi ya ɗan taru, kuma ko ya taru, a buɗe shi kaɗan. Sabon shiga yakan ƙosa ya ga allura ta tashi. Tsohon hannu shayinsa yake sha.

Yayin da fayaman ke wannan, direba ya ɗauki tulun mai ya shiga rami. Kowace gaɓa ta sandunan da ke juya ƙafafu tana da ɗan kofin mai da toshen kwalaba. Wasu kofunan suna da lagwanin ulu mai tsotso mai ya ɗiga a hankali, kuma sai an zura lagwanin da safe a cire da yamma, in ba haka ba man ya tsiyaye a banza cikin dare. Mai iri biyu ne: mai kauri na silinda wanda ke jure zafin tururi, da mai ruwa-ruwa na sauran gaɓoɓi, ba a kuma musanya su. A akwatunan gatari, sai a fara zuƙe ruwan da ya kwanta a ƙasa kafin a zuba mai, domin mai yana yawo a kan ruwa ya nuna maka kofin a cike alhali ƙarya ne. Duk lokacin da mutum yake ƙarƙashi, allon "kada a motsa" yana rataye, fayaman kuma ba ya taɓa komai sai ya kira ya ji amsa. A ƙarshe a cika akwatunan yashi da busasshen yashi.

Gwaje-gwajen da ba a tsallakewa

Matsi ya kusa kaiwa, sai gwaji. Na farko gilashin ruwa, yanzu da tururi a kansa. Ka rufe famfon sama da na ƙasa, ka zubar da abin da ke ciki, sannan ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ya kamata ya dawo da sauri yana ɗan rawa. In ya tako a hankali, ko ya tsaya cik ba motsi, hanyar ta toshe. A watan Yuni 1995, a layin yawon buɗe ido na Gettysburg a Amurka, rufin murhun wani kan jirgi ya rufta ya ƙona mutum uku da ke ciki. Masu bincike sun tarar ruwa ne ya yi ƙasa, hanyar gilashin kuma datti ya kusa toshe ta. Mutanen suna kallon gilashi, gilashin yana yi musu ƙarya.

Na biyu injekta, kuma guda biyu ne, dole kowanne ya yi aiki. Abin mamaki ne wannan na'ura: ba ta da wani abu mai juyawa, tururin tukunya ne ke bi ta wasu mazurarai ya kwashi ruwan sanyi ya cusa shi cikin tukunyar da shi kansa ya fito. Ka fara buɗe ruwa har ka ga yana zuba a ƙasa, sannan ka buɗe tururi, ka rage ruwan a hankali har zubar ta tsaya ka ji wani siririn kuka. Kukan nan ne shaidar ruwa na shiga. Injekta ba ta son ruwan ɗumi, shi ya sa ta fi gardama a ranar zafi.

Na uku, a bar matsi ya kai jan layin da ke kan geji a ga bawul ɗin tsaro ya buɗe daidai wurin. Sai birki, sai usur, sai a wanke tokar da ke ƙarƙashin murhu don iska ta samu hanya. A cika tanki, a gyara tulin kwal yadda dunƙule ba zai faɗo kan mutane a tasha ba.

Haɗawa da tashi

Fayaman ne yake shiga tsakanin kan jirgi da tarago ya ɗaura ƙugiya ya haɗa tiyon birki, bayan ya haɗa ido da direba an tabbatar ba motsi. Yawancin tsofaffin taragun Ingila birkin zuƙe iska gare su: kan jirgi yana zuƙe iskar bututu har geji ya nuna inci 21, ko 25 a jiragen tsohon kamfanin Great Western, shigar iska kuma ita ce kamun birki. Mai kula da taragu zai buɗe bawul daga can ƙarshen jirgi, direba ya ga allura ta faɗi. Ta haka aka san birkin ya ratsa har wutsiya. A layi mai hanya ɗaya kuma ba a tashi sai an karɓi alamar layi daga mai sigina, ɗan ƙarfe ko sanda mai ɗauke da sunan tashoshi biyu. Ka karanta sunan da idonka, kada ka karɓa ka rataye kawai.

Tuta kore ta ɗaga, direba ya busa usur, ya tura hannun gaba-da-baya har ƙarshe, ya saki birki, ya ɗaga regileta kaɗan. Famfunan silinda suna buɗe a 'yan juyin farko, shi ne farin tururin da ke fesowa ta gefe. Ruwa ya kwanta a silinda mai sanyi, ruwa kuma ba ya matsuwa, in fistin ya same shi a rufe sai murfin silinda ya fashe. In ƙafafu suka zame suka kama juyawa a wuri ɗaya, a rufe regileta nan take, sai sun tsaya a saki yashi a sake gwadawa. Zuba yashi ƙafafu na cikin zamewa yana iya lanƙwasa sanduna.

Da jirgi ya ɗauki gudu sai direba ya riƙa janyo hannun gaba-da-baya zuwa tsakiya. A wurin tashi tururi yana shiga silinda kusan kashi 75 cikin ɗari na tafiyar fistin. A kan gudu kashi 15 zuwa 25 ya isa, sauran tafiyar tururin da ke ciki ne yake buɗewa ya ƙarasa turawa. Direban da ya iya wannan yana rage wa fayaman rabin wahala. Wanda bai iya ba, to, a bayansa ake faɗa.

Wuta da ruwa a kan hanya

Nan ne aikin yake. Kwal ɗin da ka zuba yanzu ba zai ba ka tururi ba sai bayan wasu mintuna, don haka fayaman kullum yana aiki ne don wurin da jirgi bai kai ba tukuna. Sanin hanya ya fi ƙarfin damtse.

Ɗauki layin North Yorkshire Moors. Jirgi yana tashi daga tashar Grosmont, nan da nan ya shiga ramin dutse, ya fito, sannan ya kama hawa mai tsanani zuwa Goathland, inda layi ke tashi ƙafa ɗaya a kowace ƙafa 49, da taragu shida ko bakwai a baya. Fayaman tun minti ashirin kafin tashi yake gina wutarsa: mai kauri a baya ƙarƙashin ƙofa da kusurwoyi biyu, tana sirancewa zuwa gaba. Yana so lokacin da tuta ta ɗaga wutar ta kama sosai, ruwa ya kai kashi uku cikin huɗu na gilashi, allura tana dab da jan layi amma bawul bai buɗe ba. Bawul ɗin tsaro yana ihu a tasha asarar kwal ce da ruwa, yana kuma firgita yara.

A kan hawan, kaɗan-kaɗan ne akai-akai. Shebur biyar ko shida, kowanne da inda aka nufa da shi: kusurwar hagu, kusurwar dama, gefe, gefe, gaba. A rufe ƙofa, a ɗaga kai a dubi bututun hayaƙi. Hayaƙi mai launin toka-toka shi ne daidai. Baƙi ƙirin yana nufin ka zuba da yawa ko iska ta yi kaɗan, kwal ɗinka yana tafiya sama bai ƙone ba. In ba hayaƙi sam, iska ta yi yawa ko wutar ta huje a wani wuri, iskar sanyi na shiga. Idan hayaƙin ya washe, lokacin zagaye na gaba ya yi. Ƙwararru suna juya bayan shebur a bakin ƙofa su karkatar da iska, harshen wutar ya kauce su ga inda ramin yake, don farar wuta ba ta kalluwa kai tsaye. Dunƙulen da ya fi dunƙulen hannu girma a fasa shi da guduma tukuna.

Ruwan sanyin da injekta ke turawa yana sauke matsi, rashin turawa kuma yana sauke ruwa. Tsakanin waɗannan biyu fayaman yake ciniki har ya kai sama. Ga kuma tarko: a kan hawa, hancin jirgi yana sama, ruwa ya gangaro baya wajen murhu, gilashi ya nuna fiye da gaskiya. Buɗaɗɗen regileta ma yana ɗaga ruwan. Da an kai ƙololuwa, direba ya rufe regileta, hanci ya sunkuya, aka taɓa birki, sai ruwan ya ruga gaba. Rabin gilashi yana iya ɓacewa cikin daƙiƙu. Saboda haka ba a isa saman tudu da ƙarancin ruwa, ko da matsi zai faɗi. In abin ya ƙi, a tsaya a tara tururi. Fasinja za su yi gunaguni, a sha tsiya a ɗakin shayi, shi ke nan. Cikawa fiye da kima kuma nata laifin daban: ruwa ya bi tururi zuwa silinda, ka ji kukan bututu ya canza, farin ruwa yana yayyafi daga sama. Maganinsa a buɗe famfunan silinda a sassauta regileta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ƙona mutane: kafin a rufe regileta, da kafin shiga ramin dutse, a buɗe zugazugi. In jan iska ya yanke farat ɗaya, wutar ƙofa take nema, ta cika ɗakin direba.

Yamma

Awa guda kafin tafiyar ƙarshe ta ƙare ka fara barin wuta ta ci kanta. A gareji a tsaya kan rami, a fasa kashin maƙeran da ya daskare a kan raga a fitar, a wanke toka da tiyo, a kwashe ta akwatin hayaƙi. A cika tukunya da ruwa a hankali tun da sauran matsi. Sannan a rufe ƙofofin iska da ƙofar murhu, wasu har murfi suke ɗora wa bututun hayaƙi, don tukunyar ta huce a tsawon dare kamar yadda ta ɗumama. Duk abin da ka ji ko ka gani ba daidai ba, ka rubuta a katin gyara kafin ka tafi gida.

Bayan kowane mako biyu zuwa huɗu na aiki, gwargwadon kyan ruwan yankin, ana barin jirgi ya huce sarai, a kwance tosai a wanke cikin tukunya da ruwa mai ƙarfi, a leƙa da madubi da fitila. Duk shekara sufeton inshora yana duba ta a sanyi, ya sake dubawa da tururi. Bayan shekara goma takardar tukunya ta ƙare: a ɗaga ta daga kan jirgi, a zare bututu, a gyara, a gwada ta da ruwa a matsin da ya zarce na aiki. A nan kuɗi ke tafiya. Gyaran kan jirgi mai suna Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, ya ɗauki daga 2006 zuwa 2016, ya kuma ci sama da fam miliyan 4.

Hawa babban layi

Ƙungiya ba ta ɗaukar jirginta ta hau layin ƙasa haka kawai. Dole ta bi ta kamfani mai lasisin tafiyar da jirage, irin su West Coast Railways, Locomotive Services ko Vintage Trains, kuma direba da fayaman nasu ne. Mai jirgi yana sa wakilinsa a ɗaki, sauran mutanensa suna tarago na farko da kayan aiki, nan suke girki nan suke kwana.

Kan jirgin sai an ɗora masa kayan zamani: AWS mai ƙara idan ana tunkarar sigina, TPWS mai kama birki da kansa idan aka tsallake ja, na'urar da ke naɗar duk abin da direba ya yi, rediyon GSM-R na magana da masu sigina, da babbar fitila. Da yawa an ƙara musu birkin iska. Waɗannan ba ado ba ne. A ranar 7 ga Maris 2015, a mahaɗar Wootton Bassett, jirgin da kan jirgi mai tururi Tangmere ke ja ya tsallake jan sigina ya tsaya a tsakiyar mahaɗa, kimanin minti ɗaya bayan wucewar jirgin fasinja mai gudu. Bincike ya nuna an kashe abin da ke kama birki da kansa. An dakatar da kamfanin da ke tafiyar da shi, West Coast Railways, na wani lokaci, kotu kuma ta ci shi tara.

Watanni kafin tafiya ake neman gurbi a jadawalin Network Rail, hukumar da ke kula da layukan ƙasa, kuma sai an auna hanya. An ɗaga dakalan tashoshi, an matsar da layuka tun 1968, har wasu jiragen Great Western masu faɗin silinda ba sa wucewa ta wasu tashoshi. Iyakar gudu ta danganta da girman ƙafa: manya 75, Black Five 60. Tornado, wanda aka ƙera sabo fil aka gama a Darlington a 2008, ya taɓa mil 100 a gwajin dare a Afrilu 2017, amma da izini na musamman. Kwana ɗaya kafin fita, sufeto zai bi jirgin gaba da baya ya sa hannu cewa ya cancanci hawa.

Babban ciwon kai ruwa ne. Famfunan tashoshi da kwatamin da jirage ke ɗiba a guje kusan duk an cire su. Tankin Tornado yana cin galan 6,200, kuma da kyar ya wuce mil 100 da shi. Don haka tun a takarda ake tsara inda motar tanka za ta jira, a wace gada ko wane gefen layi, da tiyo mai tsawon da zai kai. In tanka ta makale a cunkoso, jirgi ya rasa gurbinsa, sai a ajiye shi a layin gefe jiragen lantarki su yi ta wucewa. Ƙarƙashin wayoyin lantarki masu ƙarfin bolt 25,000 kuma ba mai hawa kan tulin kwal, ba mai ɗaga dogon ƙarfen tonon wuta. Ga shebur ɗin kansa: a kan gudu mai tsawo fayaman yana iya jefa fiye da tan ɗaya a awa, a tsaye kan dandamali mai rawa, yana kuma taya direba hango sigina ta ɓangarensa.

Idan rani ya yi tsanani ciyawa ta bushe, tartsatsi yana tayar da gobara a gefen layi. A irin wannan lokaci Network Rail kan ce sai an haɗa da kan jirgin dizal ya ɗauki nauyin, ko ta hana tururi gaba ɗaya. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya ji kukan tururi ba ya jin daɗin haka, amma a ganina manomin da gonarsa ke bakin layi ya fi shi hujja.

Kwal ɗin ma yanzu magana ce. Mahaƙar Ffos-y-fran da ke kusa da Merthyr Tydfil a Wales, wadda layukan tarihi suka dogara da ita don kwal mai ƙarancin hayaƙi, ta rufe a ƙarshen 2023. Yanzu daga ƙetare ake sayowa, ana kuma gwada dunƙulen da aka matsa daga garin kwal da tarkacen tsirrai. Kowane iri da halinsa: wani yana kamawa nan take, wani sai ya yi minti goma yana tunani, wani yana narkewa ya toshe raga. Idan aka sauke sabon lodi a gareji, ka tambayi wanda ya ƙona shi jiya kafin ka gina wutarka, ka kuma ɗauki ƙarfen fasa kashin maƙera ka ajiye kusa.